Me Ke Tsofar da Waya Alhali Jikinta Garau Yake?

Akwai ƙorafin da masu gyaran waya a Kazaure da masu shagunan caji a Babura da Roni da Gwiwa suka saba ji. Mutum ya zo da waya wadda ba ta taɓa faɗuwa ba, gilashinta lafiya lau, batirinta yana riƙe caji, amma WhatsApp ya ƙi buɗewa, ko shafin makaranta ya ƙi shiga, sai wani gargaɗi da Turanci ya tare fuskar wayar. Mai gyara ya kwance ta, ya duba, bai ga abin da ya ƙone ba. Ba zai gani ba kuwa, domin ciwon ba a ƙarfe yake ba. Yana cikin manhajojin da ke tafiyar da wayar, waɗanda suke da nasu wa'adin, kuma sau da yawa suna riga jikin wayar mutuwa. Bari mu bi al'amarin daki-daki.

Hawa uku da ke cikin kowace waya

Hawa na farko shi ne jiki: gilashi, batir, kyamara, ma'ajiya, da ɗan guntun nan da ake kira ƙwaƙwalwar waya. Hawa na biyu shi ne babbar manhaja, wato Android a wayoyin Tecno da itel da Infinix da Samsung, ko iOS a iPhone. Hawa na uku su ne ƙananan manhajoji irin su WhatsApp da Facebook da manhajar banki, kuma a cikinsu akwai burauza, wadda aikinta shi ne ɗauko shafukan intanet ta shimfiɗa su a gaban mai karatu, kamar Chrome da Opera Mini da Phoenix.

A ɗauki wayar a matsayin kasuwa. Jiki shi ne fili da rumfuna, ƙananan manhajoji su ne 'yan kasuwa, babbar manhaja kuwa ita ce sarkin kasuwa: ita ke raba wuri, ita ke cewa wane ne zai taɓa kyamara, wane ne zai leƙa lambobin mutane, wane ne zai ci batir yana ɓoye. Babu manhajar da ke magana da jikin waya kai tsaye, sai ta bi ta hannunta. Don haka idan babbar manhaja ta tsufa, duk abin da ke kanta ya shiga matsala.

Zamanin Nokia da dabarar Opera Mini

A watan Agustan 2001 aka fara wayar salula ta GSM a Najeriya, da MTN da Econet, sannan Glo ya biyo baya a 2003. Wayoyin da suka fara cika hannun mutane na Nokia ne masu madannai. Masu araha daga cikin waɗanda ke shiga intanet suna aiki da tsarin Series 40, masu tsada kuma da Symbian. Ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce, sabis ɗin 2G kuma tafiyar hawainiya yake yi, ga kuɗin kati. Shafin da aka gina don kwamfuta ya fi ƙarfin irin wannan waya nesa ba kusa ba.

Nan ne kamfanin Opera na ƙasar Norway ya fito da Opera Mini a 2005, ya sake shi ga duniya a farkon 2006. Ga yadda dabarar take. Idan ka nemi shafi, wayarka ba ta zuwa wurin shafin da kanta. Tana aika buƙatar ne zuwa manyan kwamfutocin Opera. Su ne za su ɗauko shafin, su yi duk aikin haɗa shi, su rage nauyin hotuna, su matse shi, sannan su turo wa wayar ɗan abin da ya rage. Kamfanin ya ce matsewar takan kai kashi 90 cikin ɗari. Da wannan ne samarin wancan lokaci suka riƙa karanta labaran BBC Hausa, suna duba sakamakon ƙwallo, suna shiga Facebook da 'yan megabait kaɗan, a gefe guda kuma ana hira a 2go. Masu hali suka riƙe BlackBerry suna musayar lambar BBM.

Yadda Android ya cinye kasuwa

Kamfanin Apple ya fito da iPhone a 2007, wayar Android ta farko kuma ta fito a 2008. Bambancinsu babba ne. Apple ba ya bai wa kowa iOS, shi kaɗai ke ƙera wayar da ke ɗauke da ita. Google kuwa, wanda ya sayi Android tun 2005, ya bar ƙofa a buɗe: duk mai ƙera waya yana iya ɗauka ya yi mata kwaskwarima ya saka a tasa. Nokia ya ƙi bin wannan hanya, ya haɗa kai da Microsoft a 2011 a kan Windows Phone. Symbian ta mutu, Windows Phone ma ba ta yi tsawon rai ba, BlackBerry kuma ya kashe sabis ɗin tsofaffin wayoyinsa a watan Janairun 2022.

Wanda ya ci moriyar buɗaɗɗiyar ƙofar a ƙasarmu shi ne Transsion, kamfanin birnin Shenzhen na ƙasar Sin, mai Tecno da itel da Infinix. Ya karanci bukatar mutane: batir mai jure rashin wuta, farashi mai sauƙi, da gurbin layi biyu. Wanda ke zaune a ƙauyukan Roni ko Gwiwa, inda wani layi ke kamawa a bayan gari wani kuma a cikin gida, ya san darajar layi biyu. Haka ɗan kasuwar Babura mai tsallaka iyaka zuwa ɓangaren Magarya, wanda ke riƙe da layin Najeriya da na Nijar a waya ɗaya. HiOS da ake gani a Tecno da XOS na Infinix ba wasu manhajoji ne daban ba, Android ce aka yi wa sabuwar riga.

Google ma ya waiwayi masu ƙaramin ƙarfi. A 2015 ya kawo shirin Android One Najeriya da wayar Infinix Hot 2, a 2017 kuma ya fito da Android Go, wadda aka rage wa nauyi don wayoyi masu ƙaramar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma KaiOS, wadda ta sa wa wayoyi masu madannai WhatsApp da YouTube, har MTN ya sayar da irinsu, sai dai WhatsApp ya janye daga kanta a 2025.

Doguwar hanyar da sabuntawa ke bi

Nan ne gundarin maganar. Kowace shekara Google yana fitar da sabuwar Android, kuma tun 2015 yake fitar da gyare-gyaren tsaro a kai a kai don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke ganowa. Amma gyaran ba ya tasowa daga Google ya faɗo wayarka kai tsaye. Da farko sai kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar, kamar MediaTek ko Unisoc ko Qualcomm, ya daidaita shi da nasa kayan. Daga nan sai mai ƙera wayar ya haɗa shi da tasa rigar, ya gwada shi a kan kowane samfuri, sannan ya tura. Kowane mataki yana cin kuɗi da ma'aikata, alhali an riga an sayar da wayar an karɓi kuɗi. Wayar da ribarta ba ta taka kara ta karya ba, ita ake fara mantawa da ita. Araha dai ba ta ado.

Su kuma masu ƙananan manhajoji ba za su dawwama suna yi wa tsohuwar Android hidima ba. Lokaci-lokaci sukan ja layi. WhatsApp ya daina aiki a Symbian da BlackBerry a 2017, ya bar Series 40 a ƙarshen 2018, a watan Oktoban 2023 kuma ya yanke duk wayar da ba ta kai Android 5 ba. Bankuna ma haka suke yi, don su ne suka fi tsoron kafar tsaro. An ga tasirin wannan a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, da ciniki ya koma tura kuɗi ta waya: wanda wayarsa ta kasa ɗaukar manhajar banki sai ya koma danna lambobi masu tauraro, ko ya bi layin mai POS.

An yi ƙoƙarin gajarce hanyar. Daga Android 10 ta 2019, Google yana iya sabunta wasu sassan ciki ta Play Store ba tare da jiran mai ƙera waya ba. Google da Samsung sun yi alkawarin shekara bakwai na sabuntawa ga manyan wayoyinsu, daga Pixel 8 ta 2023 da Galaxy S24 ta 2024. Tarayyar Turai kuma ta kafa doka daga watan Yunin 2025 cewa wayar da za a sayar a can sai an ba ta aƙalla shekara biyar. Amma yawancin wayoyin da 'yan kasuwarmu ke sarowa daga kasuwar Farm Centre ta Kano ba su cikin wannan sahu.

Abin da ke faruwa a cikin burauza

Sunayen burauza suna da yawa, amma injinan da ke cikinsu kaɗan ne. Chrome da Opera da Edge da burauzar Samsung duk a kan injin Blink na Google suke. Safari na da WebKit, kuma Apple ya daɗe yana tilasta wa kowace burauza a iPhone ta yi amfani da shi, sai a 2024 dokar Turai ta sa ya sassauta a can. Firefox ce ke da nata injin, Gecko. Masu gina shafuka suna bin sabon injin ne, shi ya sa tsohuwar burauza kan nuna shafi a hargitse, ko maɓallin biyan kuɗi ya ƙi dannuwa.

Sai maganar kulle. Yawancin shafuka a yau suna ɓoye abin da ke wucewa tsakaninsu da wayarka, don kada wani a hanya ya karanta lambar sirrinka. Kafin a ƙulla wannan amana, shafin yana nuna wa burauza takardar shaida, ita kuma ta duba ko wata hukuma da ta sani ce ta sa mata hannu. Jerin hukumomin yana cikin babbar manhaja. Idan ta tsufa, ba ta san sababbi ba. Misali, Let's Encrypt, wadda ke ba miliyoyin shafuka shaida kyauta, ba ta cikin jerin wayoyin da ke ƙasa da Android 7.1.1, kuma dabarar da aka yi ta rufa musu asiri ta ƙare a 2024. Firefox tana zuwa da nata jerin, don haka ta ceci wasu daga cikin irin waɗannan wayoyi a lokacin.

Takardar shaidar tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan an cire batir an kai shagon caji, wata wayar takan koma tsohuwar shekara, sai burauza ta ɗauka duk takardun ba su inganta ba. Kafin a biya kuɗin gyara, a fara duba agogo da kwanan watan wayar.

Wannan kullen ne kuma ya rage wa dabarar matse shafi ƙarfi. Ba a matse abin da ba a buɗe ba. A tsarin matsewa mai tsanani na Opera Mini, kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shafin kafin su turo maka, ma'ana akwai na uku a tsakani. Google ya cire nasa tsarin rage data daga Chrome a 2022, yana cewa data ta yi sauƙi a ƙasashe da yawa. A nan Najeriya kuwa hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Saboda haka matsewa tana da amfani har gobe wajen karanta labarai, amma harkar banki da cike takardun makaranta a yi su a burauzar da ke samun sabuntawa.

Wani alheri da sababbin manhajoji suka kawo shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. A da, ƙ da ɗ da ɓ sukan fito a matsayin akwati fanko. Yanzu allon rubutu na Gboard yana da Hausa, haruffan kuma suna fita daidai.

Abin da mai saye zai duba

Mun saba tambayar girman batir da kyawun kyamara da yawan giga. A ƙara da waɗannan. Na farko, a shiga saitin waya, wurin da aka rubuta bayaninta, a ga lambar Android da ranar gyaran tsaro na ƙarshe. Idan ranar ta yi shekaru a baya, an riga an yaye wayar, ko da a kwali take. Na biyu, mai sayen ta hannu, musamman iPhone, ya tabbatar tana karɓar sabuwar iOS, kuma mai ita na farko ya cire asusunsa. Na uku, a duba ko akwai Play Store, domin wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su da shi.

Bayan saye kuma, a san cewa filashin da masu gyara ke yi yana mayar da manhajar da wayar ta zo da ita ne, ba ya ƙara mata shekaru. Manhajar da aka turo ta Xender ko aka loda a shagon masu tura fina-finai takan zama tsohuwa, wani lokaci ma an cusa mata abin da ba a sani ba. Kwaikwayon WhatsApp irin su GBWhatsApp kuwa yana iya jawo a rufe wa mutum lambarsa. Gara a ware data sau ɗaya a wata, a sabunta burauza da manhajar banki daga Play Store.

Yankin nan ba baƙo ba ne a wannan ilimi. Tun zamanin gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar fasahar sadarwa ta Informatics a Kazaure, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Ɗaliban da ke koyon gina shafuka da manhajoji a waɗannan wurare su ne za su gina wa ƙananan hukumomi da makarantu da asibitocin yankin. Ya kamata su riƙa gwada aikinsu a kan ƙaramar itel mai tsohuwar Android, a wurin da sabis ke sanda ɗaya ko biyu, domin irin wayar da ke hannun yawancin mutanen da za su yi amfani da shi ke nan.