Ba Ruwan Randa Ne Ke Lanƙwasa Yatsu Ba

Hunturu na kamawa zancen ke dawowa a Katabu: wance ta kasa matse wanki, wai sanyi ya shige ta saboda wanka da ruwan randa. Sai a aiki yaro kyamis a Mararrabar Jos a haɗo ƙwayoyi a ƙullin leda. Ta sha, ta ji dama, kowa ya ce alhamdulillahi.

Kalmar nan "sanyi" ta zama buhun da muke zuba kowane ciwon gaɓa. A cikinsa kuwa akwai wani amosanin gaɓɓai da ba ruwan sanyi ko tsufa ke kawo shi ba. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa, kamar karen gadi ya bar ɓarawo ya ciji maigida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke fama da shi, kusan kashi 70 cikin 100 mata.

Yakan fara da yatsu da wuyan hannu, dama da hagu lokaci guda. Su kumbura, da asuba su sandare fiye da rabin awa, har ɗaga butar alwala ya gagara.

Ƙwayar kyamis zafin take kwantarwa. Shafe ne a kan bangon da gara ke ci, toshe kunne ne don kada a ji kukan injin da ba mai. Gurunguntsin da ya zaizaye ba ya dawowa, shi ya sa likitoci ke ƙwallafa rai a kan watannin farko, uku zuwa shida. A nan ne magani irin su methotrexate, da ake sha sau ɗaya a mako bayan gwajin jini, ke iya taka wa cutar birki. Mai ciki ba ta shan sa, don haka ba abin saye a kan tebur ba ne.

Daga Katabu, asibitin Barau Dikko na cikin Kaduna da na Shika na Zariya, duk tafiyar yini ce a je a dawo. Sai dai likitocin gaɓɓai kaɗan ne a ƙasar nan, ƙaramin asibitin unguwa kuma sau da yawa gwajin maleriya da taifot zai yi ya sallami mai ciwon. Kafin a ba ta takardar turawa, an sha ƙaho, an sha jiƙo, zobe ya daina fita daga yatsa.