Ranar da Soja Ya Raba Mana Hagu da Dama

Ranar 7 ga Oktoba 1989, Janar Ibrahim Babangida ya yi watsi da ƙungiyoyi 13 da suka nemi rajistar zama jam'iyyun siyasa, ya ce gwamnati za ta kafa wa 'yan Nijeriya guda biyu da kanta: SDP, wadda ta ɗan karkata hagu, da NRC, wadda ta ɗan karkata dama. Gwamnati ce ta rubuta musu manufofi, ta ba su kuɗi, ta gina musu ofisoshi a hedikwatun ƙananan hukumomi. Daga Legas har Wurno, aka ce kowa ya zaɓi ɗaya.

Wannan rabo na hagu da dama ya samo asali ne a majalisar Faransa a 1789, inda masu kare ikon sarki suka zauna dama da shugaban majalisa, masu neman sauyi suka zauna hagu. A can, wurin zaman mutum yana nuna abin da yake faɗa a kai.

Mu ma mun san irin wannan faɗa tun kafin a laƙaba masa suna. NEPU ta 1950 ta tsaya wa talakawa, ta ja da En'e da NPC ta Sardauna, haifaffen Rabah, kuma 'ya'yanta sun sha ɗauri da bulala. A 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Manomi da makiyayi sun ga bambancin a aljihunsu.

To, ina wannan a jam'iyyun Babangida? Jigon SDP, wai ta hagu, shi ne Shehu Musa 'Yar'aduwa, tsohon janar, ɗan kasuwa, ɗan ministan NPC. Ɗan takararta na shugaban ƙasa a 1993 kuwa M.K.O. Abiola ne, hamshaƙin attajiri kuma tsohon ɗan NPN, jam'iyyar da shi ma abokin karawarsa na NRC, Bashir Tofa, ya fito daga cikinta. Kano, gidan Malam Aminu jagoran NEPU da PRP, ta samu gwamnan NRC a 1991, sannan ta zaɓi Abiola ta bar ɗanta Tofa. Sakkwato ta bi Tofa. Mai jefa ƙuri'a ya fi sanin doki da mikiya, alamomin jam'iyyun biyu, da kuma wanda ya kawo masa su, fiye da hagu da dama.

Wanda ya raɗa wa jam'iyyun suna shi ya soke zaɓen a ranar 23 ga Yuni 1993. A watan Nuwamba, Janar Sani Abacha ya rushe su duka biyun.