Bakwaini Da Lafiyarsa Bayan Ya Girma

Ciki yana ɗaukar wata tara, wato mako 40. Duk jaririn da aka haifa kafin mako 37 ya cika, likitoci suna lissafa shi cikin bakwaini, ko da cikinsa ya wuce wata bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi bakwaini wajen miliyan 13 da dubu 400 a duniya. Kusan jariri ɗaya ke nan cikin kowane goma. Nijeriya ce ta uku wajen yawansu, bayan Indiya da Pakistan, da jarirai fiye da dubu 700 a wannan shekara kaɗai.

A ƙauye, idan bakwaini ya yi arba'in, ya kama nono, ya fara ƙiba, sai hankalin kowa ya kwanta. Idan ya yi wayo ma sai abin ya koma wasa, a riƙa tsokanarsa da cewa tun daga ciki yake da gaggawa. To amma binciken likitoci ya nuna cewa haihuwar wuri tana barin tabo a cikin jiki, wanda ido ba ya gani sai bayan shekaru masu yawa.

An fara gane wannan ne a Ingila. A wata gunduma mai suna Hertfordshire, tun daga shekarar 1911 ungozomomi suke rubuta nauyin kowane jariri a manyan littattafai. Bayan shekaru fiye da 70, wani likita mai suna David Barker ya samo littattafan nan. Shi da abokan aikinsa suka bi sawun jariran, waɗanda a lokacin sun zama tsofaffi ko sun rasu. A shekarar 1989 suka bayyana cewa waɗanda aka haifa ƙanana sun fi mutuwa da ciwon zuciya. A 1991 kuma suka nuna cewa sun fi kamuwa da ciwon suga. Da ungozomomin nan ba su iya rubutu ba, da ba a san wannan ba.

Littattafan Ingila nauyi suka fi kula da shi. Daga baya aka duba bakwaini su kaɗai. A ƙasar Suwidin an bi tarihin mutum fiye da miliyan 4 da aka haifa daga 1973 zuwa 2014. Aka ga cewa inda manya biyu masu cikakken wata suka kamu da ciwon suga na girma, to wajen uku ne suke kamuwa a cikin bakwaini masu yawa daidai da nasu. Ciwon ƙoda mai daɗewa kuwa ya kusa ninkawa biyu a wurinsu.

Mai karatu ya lura da kyau. Wannan ba ya nufin kowane bakwaini zai yi ciwon suga ko ciwon ƙoda. Yawancinsu suna girma lafiya, su yi noma, su yi aure, su haihu. Haɗarin ne ya fi na sauran mutane.

Dalilin yana cikin watanni ukun ƙarshe na ciki. A lokacin ne ake kammala ginin jikin jariri, kuma ƙoda ce ta fi nuna haka. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai ɗaruruwan dubbai da suke tace jini, kamar yadda rariya take tace kamu. Fiye da rabinsu a watanni ukun nan suke fitowa, kuma aikin yana ƙarewa wajen mako na 36. Daga nan jiki ba ya sake ƙera ko ɗaya har mutum ya mutu. Bakwaini yakan fito da matatai da ba su cika ba. Kaɗan ɗin da yake da su su ne za su yi aikin duka har tsufa. Jaki ɗaya ne aka ɗora wa kayan jaki biyu. Zai tafi, amma zai gaji da wuri. Idan ƙoda ta gaji, gishiri yana taruwa a jiki, jini ya hau. Hawan jinin kuma ya ƙara lalata ƙodar.

Maganar suga ma kusan haka take. Idan mutum ya ci tuwo ko ya sha fura, abincin yana komawa suga a cikin jini. Akwai wani sinadari mai suna insulin da yake tura sugan nan cikin tsoka domin ya zama ƙarfi. A shekarar 2004 likitoci a ƙasar Niyu Zilan suka auna yara bakwaini 'yan shekara 4 zuwa 10. Yaran lafiyarsu ƙalau, amma jikinsu ba ya jin insulin sosai kamar na sa'o'insu. Irin wannan jiki, idan aka haɗa shi da ƙiba da zaman wuri ɗaya, ciwon suga ba ya yi masa wuyar shiga.

A nan ne wasu iyaye za su iya yin kuskure mai haɗari. Kada wanda ya ji wannan bayani ya rage wa bakwaini abinci don tsoron ƙiba. A shekara biyun farko yana bukatar ya ci ya ƙoshi, domin ƙwaƙwalwarsa tana girma. A karkara tamowa ta fi ƙiba saurin kashe yaro. Ƙibar da ake gudu ita ce wadda take zuwa daga baya, lokacin da yaron da ya taso siriri ya shiga shan lemon kwalba da alewa da shayi mai suga cokali huɗu, ya yi teɓa cikin 'yan shekaru.

Abincin da ya fi masa shi ne nonon uwa, zalla, har wata shida, ba ruwa, ba zuma, ba madarar gwangwani. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu suke matsewa su zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Idan bai iya tsotso ba, uwa ta tatsa a kofi mai tsabta, ma'aikaciyar asibiti ta koya mata yadda za ta ba shi. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2001 ya nuna cewa bakwainin da suka sha nonon mutum sun fi ƙarancin hawan jini da suka kai shekara 13 zuwa 16.

Sanyi kuma babban abokin gabarsa ne. Inda babu kwalbar jarirai, ƙirjin uwa yana yin aikin. Ana ɗora jaririn tsakanin nonuwanta, fata da fata, a sa masa hula, a ɗaure da zane. Likitoci a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya suka fara wannan dabara a 1978, ana kiranta goyon kangaru. An gwada fara ta nan take bayan haihuwa a asibitoci biyar, har da na Ile-Ife da na Kumasi. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna mutuwar ƙananan jarirai ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Uba ma yana iya karɓar uwa, ko kaka, ko kishiya, kuma babu abin kunya a ciki.

Idan yaro ya girma, a gaya masa cewa shi bakwaini ne, a kuma adana katinsa na asibiti. Duk lokacin da ya je ganin likita ya faɗa, domin likita ba zai gane a fuska ba. A auna jininsa tun yana makarantar firamare, ya ci gaba da awo a kai a kai idan ya zama babba. Hawan jini ba ya ciwo da farko. Ya rage gishiri da ɗunƙulen miya da kanwa. Ya guji taba. Ya kuma yi hattara da magungunan ciwon jiki da 'yan talla suke sayarwa a kasuwa, irin wanda manoma suke sha kullum bayan sun taso daga gona, domin yawan shansu yana cin ƙoda. Yawan ƙishirwa da yawan fitsarin dare da rama ba dalili alamu ne na a je a gwada suga.

Mace da aka haifa bakwaini tana da ƙarin haɗarin hawan jini da suga idan ta yi ciki. Ta fara zuwa awo tun cikin yana ƙarami, ta kuma gaya wa ma'aikaciya yadda aka haife ta. A wurin awon ne ake ba da maganin ƙara jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda yake cikin abubuwan da suke jawo naƙuda kafin lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin ta haihu, kuma ta huta shekara biyu bayan haihuwa kafin ta sake ɗaukar wani cikin.