Littattafan Madogara a Nazarin Adabin Ingilishi: Darasi Daga Kankia da Kusada

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan maƙala shi ne zagayen da muka yi na duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a makarantun sakandare na Kankia da Kusada. Mun tarar galibinsu suna shirya darasin adabin Ingilishi, har ma da kundin kammala karatu, daga 'yan ƙananan littattafan taƙaita labari da kuma abin da waya ta kawo musu. Wani ɗalibi ya rubuta cewa babu wanda ya taɓa nazarin littafin Zaynab Alkali, The Stillborn, na 1984. Ba ƙarya ya yi niyya ba. Bai san inda ake dubawa ba ne, kuma laifin namu ne mu malamai. Manufarmu a nan ita ce mu nuna cewa littattafan madogara iri uku ne, kowanne da tambayar da yake amsawa.

Iri na farko: ma'anar kalma

Wanda ya ci karo da kalmar da ta shige masa duhu a wasan Shakespeare, ƙamus ɗin aji ba zai fisshe shi ba, domin ma'ana takan sauya da zamani. Oxford English Dictionary, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928, na biyu kuma ya fito a 1989 cikin juzu'i 20, yana bin tarihin kowace kalma da misalai masu shekara. In kuwa kalmar fannu ce, wato irin su jigo da salo da zubi, sai a nufi A Glossary of Literary Terms na M. H. Abrams, wanda ya fara fitowa a 1957.

Iri na biyu: marubuci da aikinsa

A nan tambayar ita ce: wane ne shi, yaushe ya rubuta, me ya rubuta? Ga adabin Ingila akwai The Oxford Companion to English Literature, wanda Paul Harvey ya tsara a 1932, Margaret Drabble ta sabunta a 1985. Ga Afirka akwai African Authors na Donald Herdeck (1973), da A New Reader's Guide to African Literature na Hans Zell da abokan aikinsa (1983), da Encyclopedia of African Literature wanda Simon Gikandi ya shirya a 2003.

Iri na uku: me masana suka riga suka faɗa?

Wannan shi ne wanda ɗalibinmu ya rasa. Bernth Lindfors ya fitar da Black African Literature in English a 1979, ya kuma bi shi da wasu juzu'ai, inda ya jera sharhin da aka yi a kan marubuta ɗaya bayan ɗaya. Haka nan MLA International Bibliography. Waɗannan ba su ba da sharhin kansa, sai dai su nuna mujallar da yake ciki, alal misali African Literature Today (1968) ko Research in African Literatures (1970).

Gargaɗi

Kafin a dogara da littafin madogara, a dubi shekarar bugunsa. Wanda ya nemi Zaynab Alkali ko Ibrahim Tahir, mai The Last Imam (1984), a littafin 1973 ko na 1983, ba zai same su ba. Haka wanda ya nemi Abubakar Adam Ibrahim, mai Season of Crimson Blossoms (2015), a kundin 2003. Rashin gani ba rashin samuwa ba ne, musamman ga marubutan Arewa, waɗanda suka shigo fagen bayan an buga yawancin waɗannan littattafai.

Kammalawa

Shawararmu biyu ce. Ta farko, a ware mako guda a kwas ɗin dabarun bincike a kai ɗalibai laburare su riƙa waɗannan littattafai da hannunsu. Ta biyu, tun da Kankia tana kan hanyar Katsina zuwa Kano, kada a amince da kundin da ya ce "ba a taɓa nazari ba" sai mai shi ya nuna ya leƙa laburaren jami'a a ɗayan garuruwan nan, ko Laburaren Kashim Ibrahim a Zariya, ko aƙalla rumbunan intanet irin su JSTOR da African Journals Online. Malamin da bai san hanyar rijiya ba, ɗalibansa ma da ƙishirwa za su tashi.