Faretin da ya koma makoki: Wa ke kula da lafiyar yaranki a wurin taro?



Idan kina da 'yar'uwa ko ƙawa da ke zaune a arewacin Amurka, wataƙila kin lura da yadda hotunan da take turo miki suke canjawa da zarar watan Yuni ya kama. Manyan rigunan sanyin nan sun ɓace, sai yara a filin wasa, fuska duk fenti, hannu riƙe da balan-balan. Ba banza ba. A jiha irin Illinois mutane kan shafe wata huɗu suna ɓuya a ɗaki saboda sanyi da dusar ƙanƙara. Bazara na shigowa a rufe makarantu har wajen wata biyu da rabi, rana kuma ba ta faɗuwa sai kusan takwas da rabi na dare. To sai kowane ƙaramin gari ya fito da jadawalinsa: kasuwar manoma a ƙarshen mako, kiɗa a fili da yamma, majigi kyauta ga yara, sai kuma uwa-uba faretin 4 ga Yuli, ranar da ƙasar ke tuna ayyana 'yancin kanta daga Ingila a 1776.

Ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa nake so in kai ki yau, domin abin da ya same shi ya shafi duk uwar da ta taɓa riƙe hannun ɗanta a cikin cunkoso.

Sunansa Highland Park. Yana bakin tafkin Michigan, kimanin kilomita 40 arewa da birnin Shikago, mutanensa kuma ba su wuce 30,000 da ɗoriya ba. Irin garuruwan gefen birni ne, inda magidanta ke shiga jirgin ƙasa da safe su tafi aiki cikin birni, su dawo da yamma. Gari ne na masu hali, mai bishiyoyi da tsafta. A nan ne ake yin bikin kiɗa na Ravinia, wanda filinsa ya buɗe tun 1904. A taƙaice, irin wurin nan ne da iyaye ke tara kuɗi shekara da shekaru su koma, don yara su tashi cikin kwanciyar hankali.

Ƙaramin gari ne, amma yana da gwamnatinsa. Akwai magajiyar gari, Nancy Rotering, da kansiloli shida, duk zaɓarsu ake yi. Su kuma sai su ɗauki ƙwararren manaja aiki, shi ke tafiyar da harkokin yau da kullum. 'Yan sandan garin na garin ne, daga harajin mazauna ake biyan su. Haka 'yan kwana-kwana, kuma su ne masu motar ɗaukar marasa lafiya. Filayen wasa da wuraren ninkaya kuwa wata hukuma ce daban ke riƙe da su, mai nata zaɓaɓɓun da nata kason harajin. Dokar jihar ta ce duk zaman majalisa a buɗe yake ga jama'a, a manna abin da za a tattauna aƙalla awa 48 kafin zaman, a kuma bai wa mutanen gari damar tashi su yi magana. Uwa mai goyo ma tana iya shiga ta tambayi dalilin da ya sa ba a sa inuwa a filin wasan unguwarsu ba.

A irin waɗannan garuruwa ba a tashi haka kawai a tara jama'a a titi. Tun watanni kafin ranar ake cike takardar neman izini, a zana titin da za a rufe, a nuna inda za a ajiye ruwa da banɗaki da kuma hanyar da motar asibiti za ta bi idan ta kama. 'Yan sanda su duba, 'yan kwana-kwana su duba, sashen ayyuka ya duba. Tun ran gini ran zane ke nan.

Duk da haka, ga abin da ya faru.

Ranar Litinin, 4 ga Yulin 2022, fareti ya tashi da ƙarfe goma na safe. Iyalai sun jera kujeru a bakin titin Central, kakanni da jikoki, kekunan jarirai ko'ina. Da misalin goma da minti goma sha huɗu wani matashi ɗan shekara 21, wanda ya hau rufin wani shago ta tsanin baya, ya buɗe wuta da bindiga ƙirar yaƙi. Harsashi fiye da 80 ya harba cikin ƙasa da minti ɗaya. Da farko wasu sun ɗauka ƙarar wasan wuta ce, tunda ranar ta ce. Mutum 7 suka rasu, 48 suka ji rauni. Cikin waɗanda suka tsira akwai yaro ɗan shekara 8 da harsashi ya taɓa lakarsa, ƙafafunsa suka shanye. Maharin ya sa kayan mata ya saje da masu gudu, sai da yamma aka kama shi.

Akwai kuma wani yaro ɗan shekara 2 da aka tsinta shi kaɗai a cikin ruɗanin. Bayin Allah da ba su san shi ba suka ɗauke shi, suka kula da shi, hotonsa ya yi ta yawo a intanet ana cigiyar iyayensa. Daga baya aka gane cewa uwar da uban duk suna cikin waɗanda aka kashe. Kakanninsa aka miƙa wa shi. Allah Ya raba mu da mummunan gani.

Wani abin da zai ba ki mamaki shi ne, garin ba barci yake yi ba. Tun 2013 majalisarsa ta hana mallakar irin wannan bindiga a cikin iyakarsa. Masu rajin riƙe bindiga suka kai ƙara, garin ya yi nasara, a Disamban 2015 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar. Sai dai dokar ƙaramin gari a bakin iyakarsa take tsayawa. Matashin a wajen garin ya sayi bindigarsa, kuma bisa ƙa'ida ya saya.

Yadda aka yi ya samu izinin ne ya fi tsaya mini a rai, ni da nake uwa kuma ma'aikaciyar jinya. A Satumban 2019 wani ɗan gidansu ya kira 'yan sanda, ya ce yaron na barazanar zai kashe kowa. Suka zo suka kwashe wuƙaƙe 16 da takobi. Amma da aka zo batun shigar da ƙara, babu wanda ya yarda a gidan. Uban ya ce wuƙaƙen nasa ne, aka mayar masa. 'Yan sandan garin suka aika wa na jiha rahoton cewa yaron haɗari ne, to a lokacin bai nemi izinin bindiga ba, sai maganar ta kwanta. Wata uku bayan haka ya nema. Shekarunsa 19, doka kuma ta ce wanda bai kai 21 ba sai uba ko mai kula da shi ya tsaya masa. Uban ya sa hannu.

Ke ma kin san wannan hali, don ba a Amurka kaɗai yake ba. Yaro ya fara canjawa, ya daina barci, yana magana shi kaɗai ko yana furta kalaman kisa, sai gida ya haɗa baki a rufa asiri, kada a ce ɗan wane ya taɓu, kada ƙannensa mata su rasa mijin aure. Mu a asibiti sau da yawa sai abu ya ɓaci ake kawo mana, kuma idan muka tambayi yaushe ya fara, sai a ce ai ya fi shekara. Ban ce duk mai ciwon ƙwaƙwalwa mugu ba ne, akasarinsu ba sa cutar da kowa, su ake cutarwa ma. Amma yaron da ya furta zai kashe mutane, likita yake buƙata a makon nan, kuma a raba shi da duk wani makami. Kotu ma haka ta gani: a Nuwamban 2023 uban ya amsa laifin sakaci, aka yanke masa kwana 60 a gidan yari. Ɗan kuwa ya amsa laifinsa a Maris ɗin 2025, wata guda bayan nan aka yanke masa ɗaurin rai da rai har sau 7, ba batun sassauci.

Jihar ta Illinois ta bi sahun garin, a Janairun 2023 gwamna ya sa hannu a dokar hana sayar da irin waɗannan bindigogi a faɗin jihar. Sauran rigimar bindiga ta Amurka doguwa ce, ba ita ta kawo mu ba.

Abin da ya rage wa majalisar garin shi ne tambaya mai wuya: idan 4 ga Yuli ta zagayo, me za a yi? A soke komai, yara su tashi da sanin cewa titin garinsu abin tsoro ne? Ko a yi kamar ba abin da ya faru? Ba su ɗauki ko ɗaya ba. A 2023 ba a yi fareti ba, sai taron tunawa da mamatan, sannan jama'a suka taka a ƙafa ta kan titin da aka yi harbin. Duk mai zuwa sai ya yi rajista tun kafin ranar, a kuma bincike shi a ƙofa. Da dare, maimakon wasan wuta, sai aka saki ƙananan jirage marasa matuƙa masu fitilu suka yi zane a sama. A ganina wannan ne mataki mafi hikima a cikin duka, domin duk wanda ya yi jinyar mutumin da ya tsira daga harbi ya san ko ƙofa aka buga da ƙarfi jikinsa rawa yake yi. A 2024 faretin ya dawo, amma ta wata hanya daban.

Yanzu bari in sa hular aikina. Ranar da abin ya faru, kafin motocin asibiti su gama kwasar mutane, likitoci da ma'aikatan jinya da suka zo kallo da iyalansu, da ma waɗanda ba su taɓa aikin asibiti ba, su suka durƙusa kan masu rauni. Haka abin yake ko'ina: wanda ke kusa shi ne mai ceto na farko. Idan babbar jijiya ta yanke, mutum na iya rasuwa cikin minti 5. Shi ya sa tun 2015 Amurka ta fito da shirin koya wa jama'ar gari tsayar da jini, kuma abin da ake koyarwa bai fi ƙarfinki ba. Ki samu ƙyalle mai tsafta, ko ɗankwalinki ne, ki danne raunin da hannu biyu da dukkan ƙarfinki, kada ki riƙa ɗagawa kina leƙawa. Idan raunin rami ne mai zurfi, ki cusa ƙyallen ciki sannan ki danne. Idan a hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, a ɗaure tamau da ƙyalle mai faɗi kamar yatsa uku sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, a sa ɗan itace a murɗa har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a gaya wa likita. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko garin magani. Wannan yana aiki a haɗarin mota da yankan wuƙar kicin ma.

Kuma gaskiyar magana, a mafi yawan tarukan bazara ba bindiga ce ke kai yara asibiti ba. Zafi ne, da ruwa, da wuta. Motar da aka rufe a rana tana ƙara zafi da kusan digiri 11 cikin minti 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, don haka ba a barin yaro a mota ko da "yanzu zan dawo" ne. A Amurka nutsewa a ruwa ce kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4, kuma yaro ba ya ihu idan yana nutsewa. Ɗan tsinken nan mai tartsatsi da ake miƙa wa yara su yi wasa, zafinsa na kaiwa wajen digiri 1,000.

Za ki iya cewa wannan can ne. To mu ma muna da namu: filin Idi, hawan Sallah, Maulidi, saukar karatu, bikin yaye ɗalibai, rabon kayan azumi. A Disamban 2024 yara 35 suka rasu a turmutsitsi wurin wani taron shagalin yara a Ibadan, ba bindiga ba bam, taro ne kawai ya fi ƙarfin wurin da masu shirya shi. Idan makarantar yaranki ko ƙungiyar unguwa na shirya taro, ba rashin kunya ba ne ki tambayi ƙofa nawa za a buɗe, mutum nawa ake sa ran zuwansu, wa zai tsaya da akwatin magani, kuma an sanar da hukuma ko a'a. Idan ba a saurare ki ke kaɗai ba, ku je ku biyar. Kansilan mazaɓarku ma da ƙuri'arki ya hau, ki nemi lambarsa.

Ranar taron kuma, kafin ku fita ki ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa, don idan ya ɓace ba sai kin tsaya tuna kalar rigarsa cikin ruɗewa ba. Wanda bai iya magana sosai ba, ki rubuta lambar wayarki a damtsensa da biro, ki ƙara ta wani ɗan'uwa da ba ya wurin taron. Manyan kuma ki nuna musu wuri guda, gindin bishiya ko ƙofar masallaci, ki ce idan muka rabu a nan za mu haɗu. Kuna isa ki duba ta ina za ki fita ban da ƙofar da kika shigo. Idan kika ji an fara matse ki har ba ki iya ɗaga hannu, ki ɗauki ƙaramin ki rungume shi a ƙirji, ki riƙa zamewa gefe-gefe har ki fita, takalmin da ya faɗi kuma ki bar shi a nan.