Hunturu, Riga da Lambu: Abubuwan Mamaki 14 Daga Bakin Ƙofar Ɗan Agundi

Da asubahin watan Janairu, bakin Ƙofar Ɗan Agundi ya isa wurin kallo. Wannan ya ɗora jaket a kan kaftani, wancan ya naɗe kai da tsohon mayafi sai idanu kawai ake gani, ga wani a kan babur ya cusa wando cikin safa, fartanya ɗaure a baya. Cikinsu akwai masu sammakon zuwa lambu da gonakin rani, wasu har Kura da Kadawa. Sanyin Kano ba irin na Turai ba ne. Sanyi ne na sassafe, mai iska, mai ƙura, kuma kafin azahar ya tattara ya tafi. Saboda haka shigar da ta dace da shi ma daban take. Ga dalilai, a taƙaice.

1. Birnin da gona ta fi gida yawa

Yau in an ce noma a cikin ganuwa, yaro zai yi dariya. Amma Baturen nan Hugh Clapperton, da ya shigo Kano a Janairun 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da lambuna. Da gangan aka yi hakan. Tun daga Sarki Gijimasu da ya fara ganuwar, har zuwa Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) da ya faɗaɗa ta, an bar fili a ciki don ko maƙiya sun kewaye gari, abinci ba zai yanke ba. Unguwar Gandun Albasa da ke kusa da ƙofar nan, yanzu gidaje da shaguna ne, albasar kuwa sai an tafi nesa a nomo.

2. Daren da salka ta daskare

Shi dai Clapperton, a kan hanyarsa daga Borno zuwa Kano a ƙarshen Disambar 1823, ya wayi gari ya tarar ruwan da suka bari a mazubi ya yi ƙanƙara a samansa, salkunan ruwansu kuma sun sandare. Abokin tafiyarsa, Dokta Walter Oudney, wanda dama yake fama da ciwon ƙirji, bai ƙarasa Kano ba. Ya rasu a kusa da Katagum a Janairun 1824. Clapperton mutum ne da ya fito daga ƙasar dusar ƙanƙara, amma sanyin dajinmu ya ba shi mamaki.

3. Ƙurar da ke kan hularka ’yar Chadi ce

Mafi yawan hazon da ke rufe Kano yana tasowa ne daga wani kwari a arewacin Chadi da ake kira Bodele, tazarar fiye da kilomita 1,000 daga nan. Iska ce ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi ƙasa. Kwarin kuwa gindin wani ƙaton tafki ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, kuma farar ƙurar ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ce da ido ba ya iya gani. Shi ya sa take da laushi har ta ratsa saƙar riga.

4. Kuma taki ce

Ƙurar da ke sa tari tana ɗauke da sinadaran da shuka ke so, tana zuba su a gonakinmu kowace shekara ba da ko sisi ba. Ba a nan ta tsaya ba. Binciken hukumar NASA ta Amurka na 2015 ya ƙiyasta cewa ƙurar Sahara tan miliyan 27 da ɗoriya ke ƙetare tekun Atlantika ta sauka a dajin Amazon duk shekara, tare da sinadarin fosfaros kimanin tan 22,000. Gona na so, huhu ba ya so. Mai aiki a fili ranar hazo ya rufe hanci da baki.

5. Yanayi biyu a wuni ɗaya

A tsakiyar hunturu, ma’aunin zafi a Kano kan sauka zuwa wajen digiri 13 da daddare, wani lokaci ƙasa da 10, sannan da rana ya haura kusan 30. Wanda ya sa ƙatuwar riga guda ɗaya tak ya shiga tsaka mai wuya: in ya bar ta gumi ya jiƙa shi, in ya tuɓe iska ta dake shi. Dabarar ita ce hawa-hawa. Riga marar nauyi a jiki, suwaita a kanta, sai jaket mai tare iska a waje. Hantsi ya yi a cire ta waje a rataye a reshe, rana ta take a cire ta tsakiya, la’asar sakaliya a mayar da su ɗaya bayan ɗaya.

6. Fadama ta fi tudu sanyi

Sanyi ba tsakar dare yake kaiwa maƙura ba, sai gab da fitowar rana, domin ƙasa ta kwana tana sakin zafin da ta tara, ga shi babu gajimaren da zai riƙe shi. Iska mai sanyi kuma ta fi mai ɗumi nauyi, sai ta gangara ta kwanta a kwari. Ke nan mai ban ruwa da ya shiga fadama bayan sallar asuba ya zaɓi wuri mafi sanyi a lokaci mafi sanyi. Kada ya auna shigarsa da sanyin da ya ji a tsakar gida, inda katanga ta tare iska.

7. Ba tufa ke ɗumama jiki ba

Babu rigar da ke samar da zafi. Jiki ne ke samarwa, aikin riga kawai ta tsare siririyar iskar da ke kewaye da fata kada ta gudu. Saboda haka riguna biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, don akwai iska a tsakaninsu. Rigar da ta matse jiki kuma ta rage amfani, haka safa biyu a cikin matsattsen takalmi, sai su hana jini zagayawa, yatsu su ƙara ƙanƙarewa. A kan babur kuwa, suwaita mai ramuka-ramuka ba ta tsinana komai sai an ɗora mata abin da iska ba ta ratsawa. Kuma tun da jiki ne murhun, koko da ƙosai kafin fita suna cikin kayan sanyi.

8. Jiƙaƙƙiyar riga randa ce

Ruwa ya fi iska saurin janye zafi daga jiki sau kusan 25. Ga shi iskar hunturu a bushe take ƙayau, tana busar da duk wata laima nan da nan, kuma bushewar nan zafi take tafiya da shi. Dalilin da ya sa ruwan randa ya fi sanyi a wannan lokaci ke nan. Da wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba ya yi tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana tumatir da ganye, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Abin da ke yi wa tumatir daɗi shi ke kayar da mutum. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, don haka mai jan tiyo ko gyaran kwami ya naɗe hannun riga, ya kuma ajiye busasshiya a buhu don canji.

9. Tumakinmu ba su da ulu

Balami, uda da ’yankasa duk gashi gare su, ba ulun da ake kaɗawa a yi zare ba. Shi ya sa kakanninmu suka nemi ɗumi a jikin auduga: mata su kaɗa zare mai kauri da mazari, masaƙa su saƙa shi ƙwarya-ƙwarya, a haɗa a ɗinka gwado ko luru. Tufa ɗaya, aiki uku: mayafi da asuba, shimfiɗa da rana, abin rufa da dare. Bargon ulu na gaske sai daga nesa. Fulanin Masina a ƙasar Mali suna da tumaki masu ulu, kuma daga can ake saƙa bargon nan da suke kira kaasa. Alkyabba kuwa daga Arewacin Afirka ta ratso hamada, ta zama ta sarakuna da malamai. Manomi da mafarauci, warki da buzu ne nasu.

10. Hula: gaskiya da ƙari

An daɗe ana cewa rabin zafin jiki ta kai yake fita. Ba haka ba ne, abin da ke fita ta kai bai wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba, daidai da girmansa a jiki. Amma kunne da hanci da leɓe suna saurin jin jiki, kuma su iska ke fara samu. Magabata sun gano wannan tuni. Hular haɓar kada tana da kunnuwa biyu da ake saukewa su rufe kunne in ana sanyi, a ɗage su in rana ta yi. Rawani mai amawali kuma yana rufe baki da hanci, abin da Buzaye ke yi a cikin hamada har gobe. Da tsohuwar zuma ake magani.

11. Suwaitarka ’yar’uwar robar lemo ce

Rigar sanyin nan mai laushi, marar nauyi, mai saurin bushewa, da zaren roba ake yin ta, irin sinadarin da ake yin gorar ruwa da ta lemo. Wani kamfanin saƙa a jihar Massachusetts ta Amurka, Malden Mills, shi ya fito da ita wajen 1980, kuma tun 1993 ake narka tsofaffin gorori a yi ta. Ga mai aikin ruwa ta fi auduga, don ba ta riƙe laima. Aibinta wuta. Tartsatsi ɗaya daga wutar kara ya isa ya huda ta, in kuwa ta kama, narkewa take ta manne a fata. Mai jin ɗumi a bakin gona ya ja baya kaɗan. Kaskon gawayi kuma kada ya kwana a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, amma tana kisa.

12. Walƙiya a cikin riga

Ka taɓa tuɓe suwaita cikin duhu ka ji ƙas-ƙas, har ka ga ɗan haske? Ko ka taɓa ƙofar mota ta ja ka? Ba iskokai ba ne. Gogar tufa da tufa na tara lantarki a jiki. Da damina laimar iska ke kwashe shi a hankali ba ka sani ba, da hunturu kuwa ba shi da hanyar fita sai ya taru ya yi tsalle. Ba ya cutarwa, sai dai mai zuba fetur a injin ban ruwa ya fara taɓa ƙasa ko wani ƙarfe nesa da jarka kafin ya buɗe ta.

13. Jaket ɗin da ta ga dusar ƙanƙara

Da yawa daga rigunan sanyin da ake baje wa a kasuwar Ƙofar Wambai sun yi rayuwarsu ta farko a Turai, Amurka ko Asiya. Abin mamaki, gwanjo ya daɗe a jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su, amma bai fasa zuwa ta ƙasashen maƙwabta ba. Ranar da aka fasa dila, wanda ya riga zuwa shi ke zaɓen na kirki. Mai saye don gona ba ado ya je nema ba. Ya ja zif sama da ƙasa, ya duba hammata da aljihu, ya ɗaga hannu kamar zai sara fartanya ya ji ko ta riƙe shi, ya hura iska a jikin yadin ya ji ko tana wucewa. Doguwar kwat mai nauyi da aka ɗinka don titin Landan ba ta san kwami ba. A kuma wanke a shanya a rana kafin a sa.

14. Ƙafa ita ke biyan bashi

Ruwa, laka da busasshiyar iska in suka haɗu a dunduniya, sai kaushi da faso. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ƙwayar cuta. Man kaɗanya ko basilin da dare, bayan an wanke ƙafa tana da ɗan danshi, ya fi a shafa a busasshiya. Dogon takalmin roba yana kare sanyi, yana kuma kare tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga dodon koɗin da ke cikin magudanan ban ruwa ta ratsa fata. Amma roba ba ta da ɗumi, sai da safa mai kauri, kuma a cire a shanya cikinsa kullum. Kafin a zura ƙafa da safe a kife shi a kakkaɓe, don kunama ma wurin fakewa take nema.

Duk da wannan wahala, da wuya ka ji manomin rani yana tsine wa hunturu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ke shayar da gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, kuma alkamar da ake shukawa a can daga tsakiyar Nuwamba ba ta yin kyau sai da sanyin dare. Wanda ya makara da shuka, zafin Maris ya riski alkamarsa tana zuba ido, buhunansa za su ragu. Tumatir ma ya fi ɗaure ’ya’ya a wannan lokaci. Shekarar da sanyi ya yi ƙarfi ya kuma daɗe, kuɗin jaket da safa da man shafawa duk suna fitowa a ranar girbi.