Katin Hoto da Direbansa: Abin da Ke Jinkirta Sabon Kati

Katin hoto shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Sai dai ƙarfe ne kawai, ba ya jin yaren Windows balle na wasa ko na manhajar tace bidiyo. A tsakaninsu akwai wata manhaja da ake kira direba, wadda aikinta na tafinta ne: ta karɓi umarni, ta mayar da shi yaren da katin ke ganewa. In tafinta ya yi kwaɓa, komai tsadar kati sai hoto ya riƙa sarƙewa, ko allo ya yi baƙi ƙirin.

Wahalar rubuta direba tana cikin yawan abin da zai yi wa hidima. Wasanni dubbai ne, an rubuta su cikin shekaru sama da 20, kuma da yawansu na ɗauke da kurakuran da direbobin tsofaffin kamfanonin kati, Nvidia da AMD, suka daɗe da koyon kauce musu ɗaya bayan ɗaya. Sabon shiga ba shi da wannan gadon.

Kamfanin Intel ya ɗanɗana kuɗarsa a nan. A watan Agusta na 2021 ya sanar da katunan Arc, ya ce za su fito a farkon 2022. Na kwamfutar cinya sun leƙo a ƙarshen Maris. Ƙaramin katin A380 ya fita a watan Yuni, shi ma a Sin aka fara sayar da shi. Manyan, wato A750 da A770, sai ranar 12 ga Oktoba suka shiga kasuwa, a kan dala 289 da 329. Shugaban kamfanin na lokacin, Pat Gelsinger, ya amsa da bakinsa cewa sun zaci direban ƙananan na'urorin hoto da ke cikin firosesansu zai wadatar, ashe ko kusa bai kai ba. Abin mamaki, tsofaffin wasanni ne suka fi ba katin wuya. Wasannin da ke amfani da tsohon tsarin DirectX 9 sai an bi da umarninsu ta wata hanyar zagaye zuwa DirectX 12, gudu ya zube. A Disamba na 2022 aka saki sabon direba, Intel ya ce wasan CS:GO ya kusa ninka gudunsa. Katin dai shi ne na jiya, ba a taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinsa ba.

Tsofaffin hannu ma ba su tsira ba. AMD ya fitar da RX 5700 XT a Yulin 2019, masu shi suka yi watanni suna kukan baƙin allo, sai ƙarshen Fabrairun 2020 aka sami direban da ya magance mafi yawan matsalar. Kamfani kan tsinci kansa a tsaka mai wuya: ya jinkirta abokin hamayya ya kwashe kasuwa, ya gaggauta kuma masu saye su zama 'yan gwaji da kuɗinsu. Galibi na biyun ake zaɓa, a gyara daga baya.

Wannan gyara daga baya shi ne ya fi shafar mai shago a Tudun Wadar Zariya, inda ɗaliban harabar jami'a ta Kongo ke kawo aiki, masu ɗaukar biki kuma ke haɗa bidiyonsu. Direba guda kan haura megabait 500, kuma a watannin farko sabo na bin sabo. Ga tsadar data, ga wutar da ba a san lokacin ɗaukewarta ba, ga amarya tana jiran bidiyonta. A ganina, wanda abincinsa ke kan kwamfuta gara ya sayi katin da ya shekara a kasuwa, ko da na hannu ne.

Akwai kuma abin da direba ba ya iya gyarawa. Katunan Arc suna buƙatar wani tsari mai suna Resizable BAR, wanda ke ba firosesa damar isa ga dukkan ma'adanar katin kai tsaye. Intel ya ce a haɗa su da firosesansa na zubi na 10 zuwa sama, ko Ryzen 3000 na AMD zuwa sama. Kwamfutocin gwanjo da ake sauke mana daga Turai da yawansu sun girmi haka, don haka kafin a biya kuɗin kati sai a fara buɗe BIOS, wato saitin tushen kwamfutar, a duba ko tsarin yana nan.